Mace Dama, Namiji Hagu

Masu turo min saƙo suna tambayar abin da ya ɓoye ni kwana biyu, ga amsarku. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, ni ce Auta a gidanmu. Ina tsaron shagon zare da maɓallai a bakin titi, kuma akwai wanda nake so. A wayata sunan Shiru na sa masa. A gida Mai Kaji suke ce masa, in Yaya ne ma sai ya ƙara da cewa mai leƙen gindin tsaki.

Yaya bai yi masa ƙarya ba, aikinsa ke nan.

A kamfanin ƙyanƙyasar ƙwai yake. Ɗaki ne mai zafi, babu taga, kowane ma'aikaci da fitila a saman kansa. 'Yan tsakin da suka fito daga ƙwai a ranar ake kawo musu cikin kwanduna, jikinsu bai gama bushewa ba. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ɗan matsa cikin, ya duba ƙarƙashin bindi. In mace ce ya jefa dama, cikin kwali. In namiji ne ya jefa hagu. A hagun babu kwali, wani bakin ƙarfe ne kamar mazurari, ya nufi ƙasa. Kajin ƙwai kamfanin yake sayarwa, ba su da abin yi da zakaru.

Na taɓa tambayarsa, “Ramin nan ina yake zuwa?”

“Ban taɓa leƙawa ba.”

“Duk shekarun nan?”

“Ana jin ƙarar inji daga ƙasa,” ya ce.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne idonsa ya daɗe da daina aikin. Dubawar da yake yi don mai sa ido ne kawai. Hannun ke sani, tun kafin ya juya ɗan tsakon.

Wata yamma na gani da idona. Ya taso daga aiki ya biyo ta shago zai raka ni gida. A bakin kwata muka ji kukan ɗan kyanwa, ƙarami, ya jiƙe sharkaf. Shiru ya sunkuya ya ɗauko shi. Bai gama miƙewa ba na ga wuyan hannunsa ya karkace, ɗan kyanwar ya tashi sama ya yi hagu. Allah ya sa a kan tulin yashin magina ya faɗa. Ɗan kyanwar ya miƙe ya ruga.

Shiru ya tsaya yana kallon hannun kamar aro aka ba shi.

“Namiji ne,” ya ce a hankali.

Ya yi kwanaki bai zo shago ba. Sai saƙo.

“In na taso daga aiki hannun ba ya kwanciya da wuri. Duk abin da ya shiga tafin, in dai ƙarami ne, mai ɗumi, mai numfashi, ba ya shawara da ni.”

Can wani saƙon ya shigo.

“Shi ya sa ba na ɗaukar 'ya'yan 'yan uwana. Suna cewa girman kai ne. Na bar su a haka.”

Na rubuta masa cewa ni ba ɗan tsako ba ce, kuma in ma jefa ni zai yi, dama zan faɗa. Ya turo fuskar murmushi guda. A wurinsa wannan doguwar hira ce.

To ku riƙe wannan, ku ji ɗaya gefen.

Tun rasuwar Baba, maganar auren kowa a danginmu tana hannun Goggo, yayarsa. Goggo ba ta tambayar albashi, ba ta tambayar gida. Gwajinta ɗaya ne: ta miƙa wa saurayi jariri. In babu a gidan sai ta aro a maƙwabta. Cewa take namijin da bai iya riƙe jariri ba, ba zai iya riƙe mace ba. Ta taɓa korar wani mai mota da ya zo neman 'yarta, don ya karɓi yaro kamar an miƙa masa garwashi.

A bana ba sai ta yi aro ba. Anti, matar Yaya, ta haihu, kwanakin jaririn ma ba su da yawa. Namiji.

Mama kuma ta gaji da jira. “Ko ya fito ko ya ba wasu wuri,” ta ce da ni tana ninke kayan wanki, ba ta ko dube ni ba. Wasun da take nufi mutum ɗaya ne, abokin Yaya mai shagon taya, wanda duk ya zo gidanmu sai ya bar mana ƙanshin turarensa har washegari. Aka tsayar da Asabar, bayan azahar, Shiru zai zo ya gaida manya.

Za ku ce me ya hana ni faɗa musu gaskiya. To ku faɗa min yadda ake faɗarta. In ce Goggo, hannunsa yana jefar da maza? Aljanu za ta fara ambata, in an yi sa'a ta tsaya a nan. In ya ƙi karɓar yaron, na rasa shi. In ya karɓa, daɓen tsakar gidanmu siminti ne.

Shi ya samo dabara. Ya ɗauki hutu a wurin aiki tun farkon mako, don hannun ya huce. Bai taɓa wani abu mai rai ba, ko'ina ya je hannun na aljihu. Ranar Juma'a ya turo:

“Ya yi sanyi. Na gwada da ɗan kwikwiyon maƙwabta. Bai motsa sosai ba.”

“Sosai?” na rubuta.

Ya karanta. Bai amsa ba.

Saura in gaya muku zancen kajin Mama, don ta nan abin ya ɓullo.

A ƙarshen tsakar gidanmu, bayan igiyar shanya, akwai akurki na langa-langa da Baba ya buga da hannunsa. Kaji mata ne zalla a ciki. Mama ba ta ajiye zakara. Na maƙwabta ne ke haurowa ya yi abin da ya kawo shi ya koma, Goggo na ce masa surukin katanga. Dalili kuwa, Baba da carar zakara yake tashi, bai taɓa makara ba. Wata safiya zakaranmu ya yi ta cara a bakin tagarsa, ya yi ta yi, Baba bai motsa ba. Mama ta ce a bar shi ya huta, jiya ya gaji. Sai da hantsi ya ɗaga ta shiga tashinsa. Likita ya ce da an kawo shi da sassafe, wataƙila. Daga wannan wataƙilar Mama ba ta sake iya jin cara a cikin gidanta ba.

Saboda haka duk ƙyanƙyasa sai ta zauna tantance 'yan tsaki, ta ba maƙwabciya mazan tun suna ƙanana. Da allura take yi. Ta zura zare, ta rataya allurar a saman ɗan tsako: in ta yi zagaye mace ce, in ta yi kai-komo namiji. Rabi ta dace, rabi ta kuskure. Sai ta yi ta kiwon abinta tana kiranta 'yar baƙa, wata biyu uku zanko ya fara ja, ƙafa ta yi kauri, gashin wuya ya yi tsini, wata safiya a ji wata shaƙaƙƙiyar murya tana koyon cara. Ranar Mama ba ta fitowa daga ɗaki.

Ranar Juma'ar nan da yamma jar kazarta ta ƙyanƙyashe. Goma sha wani abu. Na ji kukansu ina goge rigar da zan sa, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Asabar na share falo, na sauya yadin kujeru, na ɗaure labule don haske ya shigo. Amma zafi ya yi yawa, wuta kuma babu, Mama ta ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai tun daga wuya har ƙasa, ni na zaɓe su ɗaya-ɗaya a shago, na yafa baƙin mayafi. Kwalli kawai na sa. Ya zarce min gefen ido, sai da na goge na sake.

Anti na ɗaki da jariri. Na leƙa na ce, “Maigidan Mama bai tashi ba?”

“Barci dai,” ta ce. “Yau ma bai kama sosai ba. Na sa masa ya ɗan tsotsa ya saki.”

Goggo na bakin gado tana ɗaura ɗankwali. “Haƙurin kakansa ya ɗauko. Wasu na neman yaron da zai bar su su runtsa, ke an ba ki kina ƙorafi.”

Anti ta gyara wa yaron tawul.

Ya iso cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana da kaifi. Ya cire takalmi nesa da tabarma, ya durƙusa ya gaida Goggo, ya gaida Mama, ya miƙa wa Yaya hannu biyu. Daga inda nake ina jin warin sabulun kamfaninsu, wanda hutun mako bai fitar daga fatarsa ba. Na ajiye masa ruwa da lemo na koma bakin ƙofar kicin.

“Ya aiki?” Yaya ya ce. “Gindin kaji na nan lafiya?”

“Lafiya lau, Yaya.”

“Ni ƙarfe nake gasawa, in na dawo gida an san na yi aiki. Kai in ka dawo me kake cewa ka gani?”

“Ba na cewa komai.”

“Ka ji,” Goggo ta ce, “mai hankali ke nan. Kai da kake faɗa wa ya tambaye ka?”

Aka yi dariya. Na ɗan saki numfashi. Hannunsa na dama yana kan gwiwarsa, kwance, kamar na kowa.

Mama ba ta iya zama da baƙo hannu sake. Ta jawo kwandon 'yan tsaki gabanta, uwar tana kife a ƙarƙashin wani kwandon tana ta masifa. Ta zaro allura daga gefen mayafinta ta rataya a kan na farko. Allurar ta yi zagaye, ta tsaya, ta koma kai-komo.

“Wannan bai yanke shawara ba tukuna,” Yaya ya ce. “Mama, ki ajiye allurar nan, ga likitansu Allah ya kawo har gida.”

Mama ta ɗago. Ita girmama shi take son yi, ta nuna wa Yaya cewa aikin nan aiki ne. Na gani a fuskarta.

“Ɗan nan, ko za ka duba min su? Jiya suka fito. In akwai maza in san su tun yanzu.”

Ya dube ni. Wannan ne abu na farko da uwar yarinyar da yake nema ta roƙe shi, a gaban yayar ubanta. Babu bakin da zai ce a'a.

“To, Mama,” ya ce.

Na tashi na ɗauko kwali biyu. Na hagun na cika shi da tsohon tawul, na ƙara da zane.

“Mazan ne 'yan gata?” Goggo ta tambaya.

“Su za su yi tafiya, Goggo.”

Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Na farko ya ɗauke shi a hankali, ya juya, ya duba, ya ajiye a dama da kansa. Na biyu ma haka. A na uku na ga abin ya farka. Kafaɗarsa ta sauka, idonsa ya tafi wani wuri da ba tsakar gidanmu ba, hannun ya shiga kwando ya fito. Dama. Hagu. Dama, dama, hagu. Ba ajiyewa yake ba, jifa ne, ɗan gajere, daga wuyan hannu. 'Yan tsakin na faɗawa kan tawul suna mirginawa suna tashi. Uwar ta daina masifa a ƙarƙashin kwando. Har Yaya ya zuba ido.

Sai hannun ya ɗauko wani ɗan fari ya tsaya.

Bai yi dama ba, bai yi hagu ba. Ɗan tsakon na kwance a tafinsa, ido a lumshe. Shiru ya sauke shi a hankali ya ajiye a gabansa, tsakanin ƙafafunsa, ya ci gaba da sauran har kwandon ya ƙare.

“Ikon Allah,” Mama ta ce. Ta leƙa kwalin hagu tana girgiza kai. “Wannan mai ɗigon, jiya allura ta ce min mace ce. Farin nan fa?”

“A ajiye shi daban, Mama. A ba shi ɗumi.”

“Mace ko namiji?”

“Ban duba ba.”

Na zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu. Ya koma tabarma ya zauna. Yatsunsa na kan cinyarsa suna buɗewa suna rufewa su kaɗai, wuyan hannun na ɗan karkacewa. Ya ɗora ɗaya hannun a kai ya danne. Hutun mako guda ya tafi a banza.

A daidai nan Goggo ta dafa gwiwa ta miƙe ta shiga ɗakin Anti.

'Yan uwa, ban san lokacin da na bar bakin kicin ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe a gefen tabarma, dab da shi, ta hagunsa, gwiwata kusan tana taɓa tasa. A gidanmu ba a yin haka. Mama ta zuba min ido. Goggo ta fito rungume da jariri cikin farin tawul, ta tsaya.

“Auta, wurin zama ya ƙare ne a gidan?”

“Inuwa nake bi, Goggo.”

“Inuwar ce ta ga dama ta faɗo a jikin baƙo.” Ta taɓe baki. “Zauna, ai mun gane. Samari, ga maigidan gidan nan, ku gaisa.”

Ta sunkuya ta sa masa shi a hannu.

Na buɗe tafukana a kan cinyata a ƙarƙashin mayafi. Idona na kan wuyan hannunsa, inda jijiya take bugawa. Na ƙudura in ya karkace zan faɗa da jikina gaba ɗaya, kome za a ce a ce.

Hannun bai motsa ba.

Yatsun da ɗazu suke rawa sun kwanta luf a ƙarƙashin kan yaron. Ya riƙe shi kamar wanda ya yi renon goma. Ya ɗan buɗe tawul ɗin, ya sa ƙaramin yatsansa a tafin jaririn, ya jira. Ya daɗe yana jira. Sannan ya rufe tawul ɗin.

“Kun gani?” Goggo ta ce. “Ko motsi yaron bai yi ba. Jini ya haɗu. Shiru ya gamu da shiru.”

Mama ta yi murmushi. Yaya ya ce ai dole, wanda ya saba da masu fuka-fuki. Ni kuwa daɗi ya rufe min ido, ban tsaya karanta fuskarsa ba. Yanzu da nake tunawa, fuskar ta koma kalar toka. Ya buɗe baki kamar zai yi wa Anti magana, tana tsaye a bakin ƙofarta, sai ya rufe. Ya miƙa wa Goggo yaron da hannu biyu. Lemonsa ko rabi bai sha ba ya ce zai koma.

Yana fita Goggo ta ce, “Ya turo manyansa.”

Na shige ɗaki na faɗa kan gado da mayafina. Na rubuta masa: “Ka ci. Goggo ta ce ka turo. Hannun bai ko motsa ba, ka ga tsoron banza muka yi ta ji.”

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta ɓace. Na ce kunya ce. Na cire rigar maɓallai na rataye, na sa ta zaman gida, na wanke kofuna, na kai wa maƙwabciya kwalin maza.

Rana ta yi ja, an kusa kiran magariba, Mama ta ce in duba farin nan da ta sa a kwali kusa da murhu. Na ɗaga tsumman da ta rufa masa. Ya miƙe ƙafafu, ya sandare.

A tsaye a wurin na rubuta: “Wanda ka ware ya mutu.”

Wannan karon amsa ba ta jima ba.

“Na sani.”

“Auta, ba ni na riƙe hannun ba.”

“Wuri uku ne a teburina, na ukun ban taɓa gaya miki ba. Ɗan tsako mai lafiya yana harbi, yana kama yatsa da ƙafa. Wanda ya zo sakwaf, ba ya kama komai, hannun ba ya jefa shi. A gabana yake ajiye shi.”

Na ji kicin ɗin ya yi min faɗi. Wani saƙon ya shigo.

“Yaron bai kama yatsana ba. Jikinsa da sanyi, na ji ta cikin tawul. Ni ba likita ba ne, wataƙila na yi kuskure. Ku kai shi asibiti yanzu, kar ku jira safiya.”

“Tun da na fito ina bakin titinku, ina rubutawa ina gogewa. Na san abin da za a kira ni.”

Ni ma na sani. In na yi magana yaron ya zama lafiyarsa ƙalau, Shiru ya zama mai mugun baki, wanda ya zo neman aure ya yi wa jaririn gida fatan tsiya. In na yi magana kuma abin ya faru, ba za a ce ya hango ba. Cewa za a yi daga hannun wa aka karɓo shi. Sunan da ake ba irin wannan mutum ba ya goguwa, har 'ya'yansa su gada. In na kashe wayar na yi shiru, manyansa za su zo, a sa rana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya. Ina kallon ɗan farin tsakon a cikin kwali, ina jin muryar Goggo a tsakar gida tana lissafa wa Mama waɗanda za a gayyata. Ban san tsawon tsayuwar ba. Na dai mayar da tsumman na fita.

Ɗakin Anti da duhu-duhu, ba ta kunna fitila ba. Tana zaune a bakin gado ta zuba wa yaron ido. Na haska wayata. Na sa yatsana a tafinsa, yatsun suka tsaya a buɗe. Na shafa tafin ƙafarsa, na ɗan mintsina. Ya motsa baki kaɗan, babu sauti. Ƙirjinsa na ɗagawa, amma sai ka sa ido sosai.

“Anti, yaushe rabon da ya yi kuka?”

Ta dube ni, idonta ya cika. “Ke ma kin gani ko?”

Na naɗe shi na ɗauko na fito. Yaya na bakin famfo yana alwala.

“Yaya, ɗauko mota. Asibiti za mu kai shi.”

“Me ya same shi?”

“Ba ya kama yatsa. Jikinsa ya yi sanyi.”

“Barci yake,” Goggo ta ce daga tabarma. “Ke yaushe kika haihu da har kika san jikin jariri? Mayar da shi, magariba ce.”

Yaya bai bar kallona ba. Ya san ni, ya san ba ni na gano ba. “Wa ya ce miki?”

Da na ce ni ce, da wataƙila sun mayar da ni ɗaki da dariya. Na miƙa masa wayar. Ya goge hannu a rigarsa ya karɓa. Ya karanta daga ƙasa, ya koma sama, har kan ɗan kwikwiyo, har kan hutun da aka ɗauka. Goggo ta matsa sai ya karanta a fili, ya karanta mata na ƙarshen.

Ta ja da baya. Sannan ta ce, a hankali, abin da na san za ta ce.

“Lafiya lau yaron nan yake kafin ya shiga hannun wani.”

“Tun jiya bai sha nonon kirki ba, Goggo.” Anti ce, daga bayana. Ban taɓa jin ta mayar wa Goggo magana ba. “Na faɗa da safe, na faɗa da rana. Kuka ce haƙuri ne.”

Mama ta miƙe. Allurar na nan soke a gefen mayafinta, zaren na lilo. Ba ta dubi Goggo ba, Yaya ta duba.

“Na taɓa barin mai barci ya huta,” ta ce. “Ɗauko makulli.”

A mota Anti ta karɓi ɗanta ta manna shi a ƙirji a cikin riga. Goggo ba ta biyo mu ba, muna fita na hango ta a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

A asibiti akwai layi har waje. Wata nas ta zo wucewa ta buɗe tawul ɗin, ta taɓa shi, ba ta tambaye mu kati ba. Ta karɓe shi ta juya da gudu, Anti da Mama suka bi ta, wata ƙofa mai gilashi ta rufe a bayansu. Aka bar ni da Yaya a baranda, ƙarƙashin wata doguwar fitila mai ƙyaftawa.

Can ƙarshen barandar, kusa da tukunyar fulawa da ta bushe, na ga farar riga. Ya riga mu zuwa. Hannayensa biyu na aljihu.

Yaya ya gan shi. Ya nufe shi, ni ina biye, ban san ko raba faɗa zan yi ba. Ya tsaya a gabansa ya daɗe yana kallon aljihun dama.

“Fito da shi,” Yaya ya ce.

Shiru ya fito da hannun.

“Wanda ka ajiye a gabanka, akwai wanda yake tashi?”

“Akwai, Yaya. In an ba shi ɗumi da wuri. Ba duka ba.”

“In ya tashi fa? Ka sake ɗauka?”

“In ya tashi yana harbi, hannun na jefa shi kamar kowa.”

Yaya ya gyaɗa kai. Ya goge fuska da tafinsa, ya juya ya fuskanci ƙofar gilashin.

“To kar ka tafi. In sun fito da shi kai za ka fara karɓa, kafin ni, kafin uwarsa. So nake in ga hannun nan ya motsa.”

Shiru ya matso ya tsaya kusa da Yaya, tafinsa a buɗe.

Ni kuma na zagaya ta bayansu na tsaya a hagunsa. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na buɗe hannuwana, muna kallon ƙofar.